Gyaran Ƙwayoyin Gado Da Cutar Sikila: Abin Da Almakashin CRISPR Ya Yanka Da Abin Da Ya Bari

A ranar 16 ga Nuwamban 2023 hukumar kula da ingancin magunguna ta Birtaniya ta amince a fara amfani da wani magani mai suna Casgevy ga masu cutar sikila, wadda ake kuma kira amosanin jini, sannan a ranar 8 ga Disamba takwararta ta Amurka, FDA, ta bi sahu. Shi ne magani na farko a duniya da aka samar da fasahar CRISPR, wato almakashin da ake yanka zaren gado da shi, ya kuma samu izinin hukuma. Labarin da ya bazu a lokacin shi ne an gyara kuskuren da ke haddasa sikila. Wanda ya bi diddigin aikin kuwa zai tarar almakashin bai ko kusanci wurin da kuskuren yake ba, domin kuskuren yana kan kuromosom, wato dunƙulen zaren gado, na 11, yankan kuma a kan na 2 ake yin sa. Dalilin wannan zagaye shi ne abin da ya kamata a fara warwarewa, domin a cikinsa ƙarfin maganin da rauninsa suke.

A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai wani furotin da ake kira himoglobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta sassan jiki. Na baligi sarƙoƙi huɗu ne a haɗe, biyu nau'in alfa, biyu nau'in beta. Umarnin ƙera sarƙar beta yana rubuce a wata ƙwayar gado mai suna HBB, kuma a cikin haruffa kusan biliyan 3 da ke zaren gadon ɗan Adam, harafi ɗaya tak ne ya sauya a wurin mai sikila: inda ya kamata a karanta GAG sai aka sami GTG. Wannan ya sa tubali na 6 daga cikin tubala 146 na sarƙar ya tashi daga gulutamik asid, mai jituwa da ruwa, ya koma balin, mai gudun ruwa. Muddin himoglobin yana ɗauke da oksijin, lamarin da sauƙi. Da zarar ya sauke kayansa sai wannan ɗan gurbi mai gudun ruwa ya nemi inda zai lafe a jikin maƙwabcinsa, shi ma ya kama na gaba, har su zama dogayen sanduna masu tauri da ke tanƙwara ƙwayar daga ciki ta koma kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana yawo, tana lanƙwasa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙunci. Mai siffar lauje takan fashe cikin kwana 10 zuwa 20, abin da ke jawo ƙarancin jini da rawayar ido, kafin ta fashe kuma takan maƙale a ƙananan jijiyoyi ta tare hanya. Tsoka ko ƙashin da ke bayan wannan toshewa sai ya rasa iska, kuma wannan shi ne tashin ciwon da masu cutar ke kwatanta shi da a ce ana sara ƙashi. Idan toshewar ta auku a ƙwaƙwalwa takan jawo shanyewar ɓarin jiki, ko da kuwa ga yaro ɗan shekara biyar ne.

Likita James Herrick na Shikago ne ya fara wallafa bayanin waɗannan ƙwayoyi a 1910, bayan an gan su a jinin wani ɗalibin likitan haƙori ɗan tsibirin Girenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himoglobin ɗin kansa ne ya bambanta, a 1956 zuwa 1957 kuma Vernon Ingram ya gano ainihin tubalin da ya sauya a jami'ar Kambirij. Babu wata cutar gado da aka riga sikila sanin tushenta dalla-dalla, amma sai da aka shafe shekaru arba'in bayan aikin Ingram kafin a amince da maganin farko da ke rage tashin ciwo. A ganina wannan jinkiri bai rasa nasaba da inda masu cutar suke. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da kwafi ɗaya, wato AS, yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar gadon ta yawaita a Afirka kudu da Sahara da Indiya da wasu sassan ƙasashen Larabawa. Babban ƙiyasin cututtuka na duniya ya nuna cewa a 2021 mutane kimanin miliyan 7.74 ne ke rayuwa da cutar, an kuma haifi jarirai kusan 515,000 da ita a shekarar, fiye da kashi uku cikin huɗu a Afirka kudu da Sahara.

Hanyar da Casgevy ya bi ta samo asali ne daga wata lura da likitar yara Janet Watson ta yi a Brooklyn a 1948. Ta ga jariran da aka haifa da sikila ba su cika nuna alamarta a watannin farko ba, kuma ƙwayoyin jininsu ba sa tanƙwarewa kamar na iyayensu mata, sai ta danganta hakan da himoglobin na ɗan tayi. Jariri a ciki yana amfani da wani nau'i ne daban, mai sarƙoƙin gama a madadin beta, wanda ya fi na uwarsa kwaɗayin oksijin don ya iya karɓarta ta mabiyiya. Tun da babu sarƙar beta a cikinsa, kuskuren sikila bai shafe shi ba, bugu da ƙari idan ya cakuɗu da mai lahani yakan hana sandunan nan haɗuwa. Bayan haihuwa jiki yakan rufe ƙera gama sannu a hankali ya buɗe beta, wajen wata shida kuma sauyin ya kusa kammala, daidai lokacin da kumburin hannu da ƙafa ke fara bayyana ga jaririn. Umarnin ƙera gama bai goge ba, yana nan a kowace ƙwaya har tsufa, an dai kulle shi ne. Akwai kuma mutanen da a bisa gado kullen nasu bai rufu sosai ba, suna ci gaba da ƙera na ɗan tayi, kuma idan suka gaji sikila takan zo musu da sauƙi ƙwarai, kamar yadda aka gani a tsakanin masu cutar na gabashin Saudiyya. Ke nan halitta ta riga ta yi gwajin da kanta: jiki zai iya rayuwa lafiya da himoglobin na ɗan tayi, har ma da haihuwa.

Maganin haidiroksiyuriya, wanda FDA ta amince da shi ga manya a 1998 bayan gwajin 1995 ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, yana aiki ne ta ɗaga wannan himoglobin, duk da cewa ba a san makullin da ke rufe shi ba a lokacin. An gano makullin ne tsakanin 2007 da 2008, sa'ad da binciken zaren gadon dubban mutane a Birtaniya da tsibirin Sardiniya ya yi nuni ga wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, sannan Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka tabbatar cewa furotin da take ƙerawa ne ke danne gama. Sai dai kashe ta gaba ɗaya ganganci ne, domin ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin garkuwar jiki da uwayen ƙwayoyin jini, wato na cikin ɓargo da ke haifar da sauran, duk suna buƙatarta. Mafita ta zo a 2013, lokacin da Daniel Bauer a ɗakin binciken Orkin ya gano wani ɗan yanki a cikinta da ke kunna ta a jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Idan aka lalata wannan yanki, makullin zai saki a inda ake so, ya ci gaba da aikinsa a sauran jiki.

Almakashin kansa daga bakteriya aka aro shi. Masu bincike a Osaka sun ga wasu haruffa masu maimaita kansu a zaren gadon bakteriya a 1987 ba tare da sanin amfaninsu ba. Francisco Mojica na Alikante a Sifaniya ya gane cewa guntayen da ke tsakaninsu na bairos ne, sannan a 2007 Rodolphe Barrangou da Philippe Horvath, waɗanda ke neman kare bakteriyar da ake ɗaura madara da ita a kamfanin Danisco, suka tabbatar cewa garkuwa ce: bakteriya takan adana guntun maharin da ya taɓa kawo mata farmaki, in ya dawo ta gane shi ta datse shi. A 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka nuna cewa ana iya bai wa furotin Cas9, wato almakashin bakteriyar, ɗan jagora mai haruffa 20, ya nemo wurin da ya dace da shi ya yanka. Aikin ya kai su ga lambar Nobel ta 2020.

To me ya hana a aika almakashin kai tsaye ya mayar da T ɗin nan A? Cas9 yanka kawai ya iya. Ɗinkin aikin ƙwayar ne, kuma hanyoyi biyu take da su. Ta farko gaggawa ce, a haɗa bakin zaren biyu ko ta ƙaƙa, inda sau da yawa wasu haruffa kan zube ko su ƙaru, ma'anar wurin ta lalace. Ta biyu ita ce ta tsanaki, wadda ake kwafo gyara daga samfuri, amma ba ta cika aiki ba sai ƙwaya tana rabuwa, uwayen ƙwayoyin jini kuwa mafi yawan lokacinsu a kwance suke cikin ɓargo. Saboda haka rushe wuri ya fi gyara shi sauƙi nesa ba kusa ba. Hikimar kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics, masu Casgevy, ita ce neman wurin da rushewarsa alheri ce, kuma yankin da Bauer ya gano ya cika wannan sharaɗi.

Kalmar magani takan sa mutum ya ɗauka allura ce ko ƙwaya, alhali abin da majinyaci ke shiga ya fi kama da dashen ɓargo da ya ba kansa. Ana fara yi masa musayar jini na aƙalla mako takwas don a rage himoglobin mai lahani. Daga nan a ba shi wani magani mai suna plerixafor da ke tunkuɗo uwayen ƙwayoyin daga ɓargo zuwa jijiya, domin maganin da aka saba yin wannan aiki da shi ga sauran mutane yakan tayar wa mai sikila ciwo mai haɗari. Sai a haɗa shi da na'urar da ke jan jini ta tace waɗannan ƙwayoyi ta mayar da sauran, awanni yana kwance da bututu a wuya ko ƙirji, kuma da yawa sai sun dawo zagaye biyu ko uku kafin a tara abin da ya isa. Ana ajiye wani kaso ba a taɓa shi ba saboda gudun ko-ta-kwana. Sauran a aika masana'anta, inda ake girgiza su da ɗan lantarki har fatarsu ta buɗe almakashin ya shiga, a gwada ingancinsu, a daskarar. Wannan mataki kaɗai kan iya ɗaukar wata shida.

Mafi tsanani yana gaba. Dole a share tsohon ɓargo don sabbin ƙwayoyin su sami mazauni, kuma ana yin haka da busulfan, maganin sankara mai ƙarfi, na tsawon kwana huɗu. Gashi yakan zube, baki da maƙogwaro su yi gyambo har haɗiyar yawu ta zama aiki, fararen ƙwayoyin jini su faɗi ƙasa warwas ta yadda ƙaramar cuta za ta iya kashe mutum. Ƙarin ƙwayoyin da aka gyara kuwa ba ya wuce ɗan lokaci ta jijiya, amma sai an yi mako huɗu zuwa shida a keɓantaccen ɗaki ana jiran su kama. Busulfan yakan kuma kashe ƙwan haihuwa na mace da na namiji, sau da yawa har abada, shi ya sa ake shawartar majinyaci ya adana nasa tun kafin a fara, abin da ke da tsada kuma yake da wuyar sha'ani ga yarinya 'yar shekara 12. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wahalhalu da CRISPR ya jawo, dukkansu na sharar fage ne.

Sakamakon da aka gabatar wa FDA mai ƙarfi ne. Waɗanda aka ɗauka 'yan shekara 12 zuwa 35 ne da ciwo mai tsanani ke tasar musu aƙalla sau biyu a shekara. Cikin mutum 31 da aka bibiya tsawon lokacin da ake buƙata, 29 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba, himoglobin na ɗan tayi kuma ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na jininsu. Victoria Gray, matar Misisipi da aka fara yi wa aikin a Nashville a Yulin 2019 ƙarƙashin likita Haydar Frangoul, ta sha bayyana a bainar jama'a yadda ta daina kwanciya asibiti. Amma mai karatu ya riƙe abubuwa kaɗan. Adadin mutanen ƙarami ne, babu kuma rukunin da aka kwatanta su da shi. Ɓarnar da cutar ta riga ta yi wa ƙugu ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa ba lallai ta koma ba. Gyaran a ɓargo kaɗai yake, saboda haka wanda aka yi wa zai ci gaba da gadar wa 'ya'yansa ƙwayar S, gwajin jini kafin aure kuma yana nan da muhimmancinsa gare shi.

Akwai kuma batun yankan kuskure. Jagoran almakashin zai iya kama wurin da ya yi kama da wanda aka nufa, kuma wannan ne kwamitin ƙwararru na FDA ya fi tattaunawa a zamansa na 31 ga Oktoban 2023. Damuwar tana da tushe na musamman a nan: 'yan Afirka sun fi kowace al'umma bambancin zaren gado a tsakaninsu, rumbunan bayanan da ake hasashen wuraren haɗari da su kuwa akasari daga Turawa aka tara su. Harafin da ba a gani a rumbu ba zai iya zama a jikin majinyaci ya ƙirƙiro wurin yanka da ba wanda ya yi tsammani. Tarihin cutar na kwanan nan ma yana koyar da taka-tsantsan. Lyfgenia, maganin kamfanin bluebird bio da aka amince da shi rana ɗaya da Casgevy, wanda shi kuma yake dasa sabuwar ƙwayar gado ta amfani da bairos da aka raunana, yana ɗauke da babban gargaɗi saboda wasu daga cikin waɗanda aka fara gwadawa a kansu sun kamu da sankarar jini. Tarayyar Turai ta soke izinin wani maganin sikila mai suna Adakveo a 2023 bayan babban gwaji ya kasa nuna amfaninsa, a Satumban 2024 kuma kamfanin Pfizer ya janye nasa maganin sikilar, Oxbryta, daga kasuwannin duniya saboda bayanan da suka nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace.

Farashin da aka sa wa Casgevy a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, na Lyfgenia miliyan 3.1, ban da kuɗin asibiti. Ana yawan tsayawa a kan waɗannan alƙaluma, amma ko da kyauta aka raba maganin, ba za a iya bayar da shi ba sai a cibiyar dashen ɓargo mai wadataccen jinin da aka tantance, da ɗakunan keɓewa, da lantarkin da ba ya yankewa, da ma'aikatan da suka ƙware. Dashen ɓargo daga ɗan'uwa, wanda aka san yana warkar da sikila tun 1984, shi ma wannan katangar ce ta tare shi, tare da cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na majinyata ne ke da ɗan'uwan da ya dace. A halin yanzu abin da ya fi ceton rayuka abubuwa ne marasa armashi a kanun labarai: gwajin jariri tun haihuwa, allurar rigakafi, penisilin kullum wanda gwajin 1986 ya nuna ya rage mummunar cutar jini ga ƙananan yara da kashi 84 cikin 100, da haidiroksiyuriya. Gwajin REACH da aka yi kan yara kimanin 600 a Angola da Kongo da Kenya da Uganda ya nuna a 2019 cewa wannan maganin yana rage tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa, har da zazzaɓin cizon sauro da kusan rabi, abin da ba a shiga gwajin don nema ba.

Binciken da ake yi yanzu ya karkata ne ga kawar da busulfan da asibiti daga lissafi. Wasu suna gwada furotin na garkuwa da zai kama uwayen ƙwayoyin jini kaɗai ya kawar da su, ya bar gashi da ƙwan haihuwa. Wasu suna gyara almakashin ne: a 2016 David Liu na Harvard ya fito da editan harafi, wanda ke sauya harafi ɗaya ba tare da datse zaren biyu ba. Ba ya iya mayar da T ya koma A, amma wani nau'insa da ya fito daga baya yana iya sauya balin ya zama alanin, wanda ke ba da wani nau'in himoglobin da aka fara gani a Makassar ta Indonesiya, kuma ba ya tanƙwara ƙwaya. Wasu kuma suna neman ƙwayar sha da za ta narkar da furotin ɗin da ke danne gama, wanda in an dace zai fi kowace hanya saurin isa ga talaka. Babban buri shi ne a yi gyaran a cikin jiki da allura guda, kuma don haka ne cibiyar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Gates suka yi alkawarin dala miliyan 100 kowace a 2019. An riga an yi irin wannan a hanta: a Mayun 2025 likitocin asibitin yara na Filadelfiya suka sanar da yi wa wani jariri mai cutar gado ta hanta gyaran da aka ƙera dominsa shi kaɗai, aka tura ta jijiya cikin ƙananan ƙulli na kitse. Hanta dai ita ke tsotse irin wannan ƙulli da kanta, ɓargo kuwa sai an koya wa ƙullin yadda zai wuce hantar ya nemo ƙwayoyi ƙalilan da ke kwance a lungun ƙashi, kuma wannan aiki bai kai ga zama magani ba tukuna.

Ko ga Casgevy ɗin kansa, tambayar ko gyaran zai dawwama tsawon rai, da ko wata sankara za ta ɓullo daga baya, lokaci ne kaɗai zai amsa. An tsara bibiyar duk wanda aka yi wa aikin har shekara 15, kuma ta majinyaciya ta farko za ta cika ne a 2034.